Gawar Wahuka

Yayata Humaya ba ta taɓa kiran su da sunan ƙasarsu ba. Makidoniyawa ne, amma a wajenmu duk wanda ya ƙetaro teku da dogon mashi Bayaune ne. Ita kuwa ko wannan sunan ba ta yarda ta ba su ba. "Masu ƙona gawa" take ce musu, ko a gaban idonsu.

Tana da dalili. Shekarar da suka ci birnin Farsa, mijinta Ardumanish yana cikin masu sassaƙa dutse a fadar sarki. Birnin bai yi yaƙi ba, buɗe musu ƙofa aka yi, amma duk da haka sarkinsu ya sake su cikin gari kamar an saki karnuka a mahauta. A bakin ƙofar gidansa suka soke Ardumanish, a kan wata tukunyar tagulla da ya ƙi saki. Humaya ta ja hannun ɗanta Wahuka, yana ɗan shekara goma, suka zurare ta bayan gari, suka yi ta tafiya har suka iso ƙauyen mahaifinmu a gindin duwatsun Gabiyana. Ni a lokacin fatauci nake yi da alfadarai, ina kai sha'ir da cuku garuruwa. Ni na gina mata ɗaki a jikin nawa.

Shekara uku kacal ta ƙara samu da yaron. Wata rana ina hanya, mutanen gwamna suka shigo ƙauye da wani Bayaune a gabansu, suka ce sabon sarki yana son samari dogaye, za a koya musu harshensa da irin yaƙinsa. Aka jera yara a masussuka, ana buɗe musu baki ana duba haƙora yadda nake duba alfadari a kasuwa. Wahuka ya fi kowa tsawo. Humaya ta gartsa wa wanda ya kama shi cizo a dantse, shi kuma ya buge mata baki da gindin mashi, haƙoranta biyu suka zube. Na dawo na tarar da ita da kumburarren baki, ɗakin ba yaro.

Ba mu sake ganin sa ba sai bayan da sarkin nasu ya mutu a Babila. Lokacin tsinkar rumman ne. Muna zaune a tsakar gida sai ga wani dogon mutum a ƙofa, ƙirji kamar ƙyaure, haɓa a aske ƙwal, da 'yar riga iya cinya, ƙafafu a waje.

Ya ce, "Inna, ni ne."

Humaya ta dube shi daga sama har ƙasa. Abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne, "Ina wandonka?"

"Inna..."

"Na ce ina wandonka? Caca ka yi da shi? Ɗan Ardumanish yana yawo da cinya a waje kamar figaggen zakara! Gemun fa, shi ma sun ƙwace?"

Na ce, "Haba Yaya, ki bari yaro ya sha ruwa mana."

Ta bari ya sha. Ta gasa masa gurasa, ta yanka ɗan akuyan da take tanadi, ta zauna tana kallon yadda yake ci. Harshenmu ya karkace a bakinsa, wata kalmar sai ya tsaya ya lalubo ta. Yana cikin hira ya ce a sansani Nikon ake kiran sa.

Ta ce, "Sunan da ubanka ya raɗa maka ya yi musu nauyi a baki?"

"Timandar ne ya sa mini."

"Wane ne kuma Timandar?"

"Tsohon sojan da ya koya mana riƙon mashi. Da zazzaɓi ya kwantar da ni a birnin Shushan, shi ya yi jinyata, da hannunsa yake ba ni kunu. Inna, mutumin nan kamar uba yake a wurina."

Ta sa ƙafa ta kifar da akushin da ke gabansa. "Uba? Ubanka na bar shi a bakin ƙofarsa da rami a ciki, ƙudaje suna bin sa! Wa ya sani ko wannan Timandar ɗin ne ya soke shi? Ka zo gidana kana cin namana kana kiran mai ƙona gawa uba?"

Wahuka ya miƙe, kansa har yana taɓa rufin rumfa. Ya ce, "Ranar da aka jera mu a masussuka, maza nawa ne a ƙauyen nan? Wa ya ɗaga ko sanda? Sarkinku ya gudu ya bar uwarsa da matarsa a hannunsu, manyanku suna rige-rigen zuwa yi musu fadanci, sai ni ne abin zagi don ban mutu ba? A can su ce mini bare, a nan a ce mini zakara. To ku gaya mini inda zan tsaya!"

"Ka tsaya inda ubanka ya tsaya!"

"Ai na ga inda ya tsaya, Inna. Na kuma ga abin da ya samu."

Ko kwana bai yi ba. Na bi shi har bakin rafi ina ba shi haƙuri, ya ce, "Kawu Farada, koma. Ka kula da ita." Ita kuwa ta fi wata ba ta ambaci sunansa ba.

Bayan mutuwar sarkinsu, manyan mayaƙansa suka kama cin naman juna kamar kuraye, kowa yana jan ƙasarmu ta gefensa. Biyu daga cikinsu suka kwaso rundunoninsu, har da giwaye, suka zo suka haɗu a fakon gishirin da ke tafiyar yini ɗaya daga ƙauyenmu. Tsakiyar sanyi ne. Kafin su gwabza sai da suka cinye mana sha'ir, suka kwashe tumaki, suka tafi da alfadaraina suka bar mini guda, gurguwa. Yaƙi ne tsakanin Bayaune da Bayaune, a kan wa zai mallaki Farisa, kuma 'ya'yan Farisawa aka jera a gaba a kowane ɓangare.

Washegarin yaƙin wasu mahaya da suka tsere suka biyo ta ƙauyenmu neman ruwa. Ɗaya ɗan ƙauyen da ke ƙasa da mu ne, an kwashe su tare da Wahuka. Ya ce giwaye sun ratsa ta kan layinsu, ya ga Wahuka ya faɗi, bai ga ya tashi ba. Ya ce gobe Yaunawa za su ƙona matattunsu.

Humaya ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta naɗo bargo, ta fito ta ce, "Farada, ɗaura wa gurguwar nan sirdi."

Na ce, "Yaya, sansanin soja ne fa, ba kasuwa ba."

"In ba ka zuwa ba ni ragamar. Sun ɗauke shi da rai na ƙyale, ba za su jefa shi a wuta ba."

Mun isa da hantsin rana ta biyu. Tun daga nesa muke jin wari. Gishirin ya yi ja, gawarwakin giwaye kamar tsibin duwatsu, ungulaye sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Wurin ba ko bishiya ɗaya, saboda haka sojoji sun bi ƙauyukan kusa sun ɓalle ƙyamaren gidaje da azarar rufi da garmunan mutane, suna jibgewa. Wasu tsibin har an cinna musu. Wutar da muke girmamawa, wadda ko magu, limaminmu, ba ya kusantar ta sai ya rufe bakinsa da ƙyalle don kada numfashinsa ya ɓata ta, ga ta nan ana ɗura mata mushen mutane, ana zuba giya, ana busa sarewa. Humaya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Muka sami inda samarin Farisawa masu gajerun riguna suke zaune, kowa da rauninsa. Ta bi su ɗaya-ɗaya tana tambaya, "Wahuka ɗan Ardumanish? Dogo, mai tabo a gira?" Kowa sai ya girgiza kai. Na ga ba ta da niyyar faɗin ɗaya sunan, ko da za mu wuni a nan, sai na ce, "Nikon."

Nan take wani ya ce, "Au, Nikon! Ga shi can wurin tsohon."

Can gefe, nesa da manyan tsibin, wani tsoho yana jera itace shi kaɗai. Ya haura sittin, kunnensa ɗaya babu, ƙafarsa a ɗaure da tsumma mai jini. A kan itacen Wahuka ne kwance. An wanke shi, an shafe shi da mai, an ɗaure masa haɓa, an rufe ƙirjinsa da jan mayafin soja don kada a ga abin da giwa ta yi.

Humaya ta tsaya a kansa. Ta sa tafin hannu a goshinsa, ta daɗe a haka. Sannan ta juya ta ce wa tsohon, "Sauke shi."

Tsohon yana jin harshenmu kaɗan-kaɗan, ni kuma ina jin nasu na fatauci, da haka muka fahimci juna. Ya ce, "Ke ce uwar? Ya gaya mini ke. Ni ne Timandar."

"Na san ko kai wane ne. Sauke mini ɗana."

Ya nuna itacen da hannu biyu. "Sulkena na bayar aka ba ni wannan. Sulken da na ƙetaro teku da shi. Zan yi masa abin da ake yi wa jarumi, in tara ƙashinsa a tulu in ba ki."

"Ka ba ni toka? Na haifi mutum ka ba ni toka? Ka ƙazantar da wuta da shi, ya je gaban ubangiji Mitra mai hukunci da wannan laifin a wuyansa?"

Tsohon ya fara zafi. "Shi ya roƙe ni! Ya ce in ya faɗi kada in bar shi a ƙasa, in sa shi a wuta tare da 'yan uwansa."

"Ƙarya kake, tsohon banza!"

"Na rantse da allolina."

"Allolinka masu yawo tsirara? Ko ya faɗa, ku kuka sa masa a baki. Kun kama yaro ɗan shekara goma sha uku kun aske shi ciki da waje, yanzu ka ce shi ya roƙa?"

"Ni na riƙe shi shekara goma sha ɗaya! Ke ranar da ya zo miki me kika ba shi? Ya dawo sansani bai ci abinci ba har kwana biyu!"

Na zaci za ta shaƙe shi. Sai kawai ta tattare zanenta, ta taka itacen ta hau, ta zauna dirshan kusa da kan Wahuka ta ɗora shi a cinyarta. Ta ce, "Farada, gaya masa ya kawo wutar. Ai sun iya ƙona gida da mutanensa a ciki, ba yau suka fara ba."

Sojoji suka fara taruwa suna dariya. Timandar ya dafe kai yana zagi da harshensu. Muna cikin haka sai ga wani saurayin hafsa a kan doki, da bayi da amalanke a bayansa. Ya dubi itacen, ya dubi gawar, ya tambayi ko wane ne. Timandar ya ce Nikon ne, mai riƙe da ƙarshen layi na hagu, wanda bai ja da baya ba ko da giwa ta zo kansa.

Hafsan ya ce, "Bafarishe? Muna da Makidoniyawa kwance ba itace, kai kana ɓarnar wannan a kan bare? Ku kwashe. An haƙa wa irinsu rami can bayan tudu."

Humaya ta ce, "Me yake cewa?"

Na yi murna a raina, na ce, "Yaya, mun samu. Ya ce ba za a ƙona shi ba. Sauko mu tafi da shi."

"Na ce me ya ce? Duka."

Na gaya mata duka. Na ga fuskarta ta canza, irin canjin da ban gani ba ko ranar da na dawo na tarar an zubar mata da haƙora. Ta kwantar da kan Wahuka a hankali, ta miƙe tsaye a kan itacen, ta nuna hafsan da yatsa.

"Kai, ɗan wa? Kun kashe ubansa, kun raba shi da ni, kun cire masa suna, kun cire masa harshe, kun tsayar da shi gaban giwa don shugabanku ya ci ƙasar kakansa, yau kuma bai kai damin itace ba? Ƙyamaren gidajenmu ne fa! Garmunanmu ne! Itacen ma namu ne, ɓarawo ɗan ɓarayi!"

Na ce, "Yaya, ba ke kika ce kada a ƙona shi ba?"

"Ni zan hana, ba shi ba! Ni zan ce ya fi ƙarfin wutarsu, ba wannan ɗan tayin zai ce bai kai ba!"

Hafsan bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ga yatsan. Ya zaburo doki ya ɗaga bulala. Kafin bulalar ta sauka, Timandar ya zari guntun azara ya maka masa a haƙarƙari, sai ga hafsa a ƙasa yana birgima cikin gishiri. Tsofaffin sojojin da ke kallo abokan Timandar ne tun daga ƙasarsu, suka matso suka tsaya a bayansa. Hafsan ya tashi yana riƙe da ciki, ya ce kafin rana ta faɗi sai an rataye tsohon. Bai iya taɓa shi a wurin ba, amma muna sauke Wahuka, itacen sai da bayinsa suka kwashe tas, har da guntun da aka buge shi da shi.

Muka naɗe Wahuka a bargo. Timandar ya kama ƙafafu zai taya ni ɗorawa a alfadara, Humaya ta buge masa hannu. Ni da ita muka ɗaga shi, da nauyinsa da komai.

Mun yi nisa da sansanin na waiga, sai ga tsohon yana bin mu daga nesa, yana ɗingishi, ba sulke ba mashi. Na ce, "Yaya, ga shi can fa." Ta ce, "Hanya ta sarki ce." Ba ta waiga ba har muka isa gida.

Aka yi wa Wahuka abin da ake yi wa mutanenmu. Mata suka tara kakin zuma gida-gida, abin da sojoji ba su gano ba, aka narka aka shafe shi tun daga kai har tafin ƙafa don kada ya ɓata ƙasa, magu ya yi addu'o'insa, muka sa shi a kogon dutsen da mahaifinmu yake, muka toshe. Timandar yana zaune a kan wani dutse can ƙasa, ba wanda ya kira shi.

Muna saukowa samarin ƙauye suka gan shi. Akwai wanda aka ɓalle wa ƙyaure, akwai wanda aka kwashe wa tumaki, akwai waɗanda 'ya'yansu suke cikin ramin bayan tudu. Suka fara tsintar duwatsu. Tsohon ya gan su, bai ko motsa ba.

Humaya ta ce, "Ku ajiye."

Wani ya ce, "Inna Humaya, ke ce yau kike kare Bayaune?"

"Kare shi? In na gama da shi ku yi abin da kuka ga dama. Shekara goma sha ɗaya na ɗana suna cikin kan tsohon nan, ba za ku fasa shi ba sai ya zazzage mini su."

Ta sa shi ya zauna a kan wani dutse a waje, bakin ƙofa, ba ta yarda ya taka tsakar gidanta ba. Ni nake kai masa gurasa a wani fasasshen kasko da ta ce a jefar in ya tafi. Kullum da safe sai ta fito ta zauna a kan dakali, ta juya masa gefe, ni a tsakiya ina fassara. Tambaya take yi kamar mai tuhuma. Wa ya fara dukan sa, kuma da me? Ya yi kuka a daren farko? Me yake ci? Ya taɓa son wata? Timandar ya faɗa mata duka. Ya ce yaron ya yi shekara yana kwana da fuska wajen gabas, ta inda gida yake. Ya ce shi da kansa ya taɓa karya masa yatsa da sanda don ya ƙi amsa sabon sunan. Da ya faɗi wannan ta tashi ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai washegari, ta zauna ta ce, "Ci gaba."

Ya ba ta labarin wata 'yar mai gurasa a Shushan da ta ƙi Wahuka don ba shi da gemu, har Humaya ta yi dariya ba ta shirya ba, ta kuma ji haushin kanta ta zage shi. Ta tambaye shi ko yana Farsa ranar da aka saki sojoji a gari. Ya ce yana nan. Ta ce ya shiga unguwar masu sassaƙa? Ya ce gidaje da yawa ya shiga ranar, bai san na wa da wa ba. Bai nemi gafara ba, ita ma ba ta ba shi ba.

Da ƙanƙara ta fara narkewa labarinsa ya ƙare, ya koma maimaita waɗanda ya riga ya faɗa. Ranar da ta lura da haka ta ce, "Farada, gaya masa na gama. Ya bar ƙauyen nan yau, tun samari ba su tuna da shi ba."

Tsohon ya miƙe da ƙyar. Ya ce a tambaye ta ko za ta bari ya hau ya tsaya a bakin kogon, sau ɗaya, kafin ya wuce.

Ta ce, "A'a."

Na raka shi har inda hanya ta rabu, na nuna masa wadda ba ta bi ta sansanin soja. Ya bi ta kudu yana jan ƙafa, ban sake jin labarinsa ba. Da na dawo na tarar Humaya ta ɗebo ruwa da toka tana goge dutsen da yake zama a kai.